Ciwon Daji Yana Yaɗuwa, Amma Zuwa Ina?

Duk wanda ya taɓa zama a ajin fassara ya san akwai kalmomin da furta su ba wuya, amma mayar da su wani harshe sai an yi gumi. A cikin irin waɗannan kalmomi, ni dai a wurina babu kamar “yaɗuwa”. Bahaushe yakan ce kabewa ta yaɗu a bayan ɗaki, yakan kuma ce ƙyanda ta yaɗu a unguwa. In mai karatu ya lura da kyau, abubuwan nan biyu ba ɗaya ba ne. Kabewa tushenta guda, daga inda aka shuka ta take yaɗo har ta cika fili, amma ba ta tashi ta tsiro a gidan maƙwabta don sun zo sun taɓa ganyenta. Ita kuwa ƙyanda tsallakawa take yi daga wannan yaro zuwa wancan. A maganar yau da kullum wannan bai dami kowa ba, domin mai sauraro ya san kabewa, ya kuma san ƙyanda. Rikicin yana tasowa ne ranar da aka jingina kalmar ga ciwon da mutane ba su san kansa ba, wato ciwon daji.

Shi kansa ciwon sunayensa da yawa a bakinmu. Wasu su ce ciwon daji ko ciwon jeji, wasu su ce sankara, 'yan boko da gidajen rediyo kuma su ce kansa. Abokan karatunmu Yarabawa suna kiran sa jẹjẹrẹ, har wata ta taɓa yi mini ba'a cewa daga wurinsu muka ari “jeji”, na ce mata mu namu jejin tun kafin a san asibiti muke shiga cikinsa neman itace. Girkawan zamanin dā da ƙaguwa suka kwatanta shi, Larabawa ma sunan da suke kiran ƙaguwa da shi suke kiran sa. Akwai kuma wani tarko da ya kamata masu koyon Hausa su kiyaye: sankara daban, sanƙarau daban. Sanƙarau shi ne ciwon da ke sandarar da wuya a lokacin zafi, wanda a shekarar 1996 ya kama mutum sama da 100,000 a arewacin Nijeriya, ya kashe fiye da 11,000. Wannan kam ana ɗaukar sa. Wanda harshensa bai saba da bambanta k da ƙ ba yana iya haɗa ciwo biyu da ba su haɗa komai ba, ya kuma ɗora wa ɗaya tsoron ɗayan.

Abin da ya sa na damu da wannan magana Gwaggona ce, ƙanwar mahaifina, wadda ta yi shekaru tana sayar da tuwo da miyar taushe a Sabon Ibadan. Ta ji ƙullutu a mamanta na hagu, ta kuma ɓoye shi kusan shekara guda tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, saboda maganar da kowa a gidanmu ya tashi da ita, wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙa ta taɓa shi sai ya fusata. Ba ƙullutun ne ya kai ta asibiti ba, ciwon baya ne, wanda ya hana ta sunkuyawa ta tuƙa tuwo. Bayan gwaje-gwaje da ɗaukar hoto, likita ya yi wa maigidanta bayani da Turanci, shi kuma ya dawo gida ya taƙaita wa jama'a da Hausa: “Likita ya ce daji ne, kuma yana yaɗuwa.”

Bai yi ƙarya ba, kuma bai ƙara ko kalma ɗaya a kan abin da aka faɗa masa ba. Amma kafin magariba an ware wa Gwaggo kwanonta da kofinta da butarta. Abokiyar zamanta, wadda ba su taɓa sa-in-sa ba, ta hana yara shiga ɗakinta, kuma ina da yaƙinin tsoro ne ya sa ta, ba ƙiyayya ba. Cikin mako guda labari ya kai bakin titi. 'Yarta ta ci gaba da tuƙa tuwon, hannu ɗaya ne da na uwar, amma masu saye suka ɗauke ƙafa, tukunyar da ake tashi da ita kafin isha'i ta koma ana raba ta ga almajirai, wasu almajiran ma su ƙi karɓa. Kuɗin maganin da ake sa rai zai fito daga tukunyar nan ke nan ya tafi. Masu zuwa dubiya kuwa sai su tsaya daga bakin ƙofa su ce “Allah ya sawwaƙe”, su juya.

Da na zo hutu na shiga ɗakin na zauna a bakin gadonta, sai ta janye ƙafarta ta ce, “'Yar nan, ke ba kya tsoro ne? Kar ki ɗauka ki kai wa 'ya'yan mutane a makaranta.” Wato ita ma ta yarda. Wannan ya fi komai tsaya mini a rai, domin mace ce da ko baƙo ya zo sai ta ci kwano ɗaya da shi take jin ta karɓe shi.

Ni na raka ta asibiti a zuwa na gaba. Wata ma'aikaciyar jinya, Bayarabiya mai jin Hausar kasuwa, ta ga Gwaggo tana naɗe hannunta cikin mayafi don kar ta taɓa kowa. Sai ta zo ta kama hannun da hannunta, ba safa ba komai, ta ce, “Mama, in da ana ɗauka, ai da mu nan duk mun ƙare.” Daga ranar na fara bin likitoci da tambaya, na kuma shiga karanta duk abin da na samu a ɗakin karatu da intanet. Gwaggo ta yi shekara ɗaya da 'yan watanni bayan nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Abin da na fahimta a tsawon wannan jinya shi nake so in mayar da Hausa a nan, yadda za a iya faɗa wa tsohuwa ta gane.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, adadinsu ya kai kimanin tiriliyan 30. Kowace tana da ƙa'idar da take bi: lokacin da za ta rabu biyu, lokacin da za ta tsaya, da lokacin da za ta mutu a maye gurbinta. Ciwon daji yana farawa ne idan rubutun da ke cikin ƙwaya guda, wanda ke ba ta wannan umarni, ya samu tangarɗa a wurare da dama, sai ta shiga hayayyafa ba tsayawa, ta kuma ƙi mutuwa. 'Ya'yanta su gaji halinta, su taru su zama ƙari. Abin lura a nan shi ne ba baƙo ne ya shigo daga waje ba. Naman jikin mutum ne da kansa ya yi tawaye. Ba kuma kowane ƙari ne daji ba; akwai wanda zai girma a wurinsa kawai bai taɓa maƙwabta ba, a cire shi a huta. Na daji shi ne wanda ke kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi.

Ƙarin ba zai wuce girman milimita 1 ko 2 ba sai ya samu abinci, don haka yakan saki wasu sinadarai da ke jawo sababbin jijiyoyin jini su tsiro zuwa gare shi, kamar mai lambun da ya haƙa wa kansa magudana daga rafin jama'a. Wani likitan Amurka, Judah Folkman, shi ya ja hankalin masana ga wannan a shekarar 1971. To, hanyar da abinci ke shigowa ita ce kuma ƙofar fita. Wasu ƙwayoyin sukan ɓalle daga uwar ƙarin, su huda bangon jijiya, jini ya kwashe su. Wasu kuma su bi ta wata hanyar ruwa ta daban da ke jiki, wadda Bahaushe ya san tashoshinta ko da bai san ita kanta ba. Duk wanda ya taɓa yin gyambo a ƙafa ya ji kaluluwa ta fito masa a matsematsi ya taɓa ɗaya daga cikin tashoshin nan. Su ne matatar da ke tare ƙazanta da ƙwayoyin cuta. Shi ya sa likita in yana duba mai ciwon mama yake kai hannu hammata, domin kaluluwar hammata ita ce zangon farko da ƙwayoyin da suka gudu sukan yada.

Tafiyar ba ta da sauƙi gare su. Mafi yawan ƙwayoyin da suka faɗa cikin jini mutuwa suke yi, wasu ƙarfin gudun jinin ya farfasa su, wasu garkuwar jiki ta cinye su. 'Yan ƙalilan ne ke maƙalewa a wata siririyar jijiya, su fita, su zauna a sabon wuri. A cikin waɗannan ma wasu sukan kwanta shiru shekaru, har fiye da 10 a ciwon mama, kafin su farka.

Inda suke sauka ma ba kara zube ba ne, kuma wannan shi ne ɓangaren da ya fi burge ni. A shekarar 1889 wani likitan Ingila, Stephen Paget, ya bi bayanan mata 735 da ciwon dajin mama ya kashe, ya ga ciwon yana yawan komawa hanta, amma da wuya ya zauna a saifa, alhali ita ma jini yana ratsa ta sosai. Sai ya kawo misalin iri da ƙasa, misalin da kowane ɗan manomi zai gane ba sai an yi masa dogon bayani ba. Iska tana watsa iri ko'ina, amma shinkafa a fadama take yi, gero a jigawa. Daga baya, a 1928, wani masani a Amurka, James Ewing, ya ce a'a, hanyar da jini ke bi ita ce ke yanke hukunci. A yau an san kowannensu yana da rabonsa na gaskiya. Dajin hanji yakan fara sauka a hanta, domin jinin da ya baro hanji ta hanta yake fara bi. Dajin mama kuwa ya fi son ƙashi da huhu da hanta da ƙwaƙwalwa. Ciwon bayan Gwaggo ke nan: ba sabon ciwo ne ya same ta a ƙashi ba, ƙwayoyin mama ne suka yi ƙaura zuwa ƙashin baya. In aka ɗebo su aka duba a madubin likita, kamannin na mama za a gani, kuma maganin dajin mama ake ba su. Wannan shi likitoci ke kira mataki na 4, kuma shi ne abin da likitan nan yake nufi ranar da maganarsa ta iso gidanmu a matsayin “yana yaɗuwa”. Yaɗon kabewa yake nufi, gida ya ji na ƙyanda.

To me ya hana ƙwayar da ta iya tafiya daga mama zuwa ƙashi ta tsallaka daga Gwaggo zuwa gare ni? Amsar tana cikin abin da na faɗa a baya, cewa naman jikinta ne. Kowace ƙwayar halitta tana ɗauke da wata shaida a bayanta, kamar tsagar gado a fuska, wadda garkuwar jiki ke dubawa ta san ɗan gida da baƙo. A jikin Gwaggo ƙwayoyin dajin suna da tsagar gida, shi ya sa suke samun sakewa. A jikina kuwa baƙi ne, kuma garkuwata za ta far musu kamar yadda take far wa ƙodar wani in aka dasa wa mutum ba a ba shi maganin danne garkuwa ba. Ban da haka, ƙwayar mutum ba ta da juriyar zama a bakin kofi ko a jikin zane. Saboda haka ba a ɗaukar daji ta cin abinci tare, ko musafaha, ko numfashi, ko wanki, ko kwanciyar aure, ko wankan gawa.

Kada a ɗauka mu kaɗai muka yi wannan tsoro. A birnin Reims na Faransa, asibitin masu daji da aka buɗe a 1740 sai da aka fitar da shi bayan gari a 1779 saboda mazauna birnin suna tsoron ɗauka. A 1808 wani likitan Faris mai suna Alibert ya sa aka yi masa allurar ruwan da aka ɗebo daga dajin mamar wata mata don a raba gardama. Wurin ya kumbura, ya sace, daji bai fito ba. Ba ina ba kowa shawarar ya gwada ba ne.

Gaskiya ta sa in ambaci 'yan wuraren da aka taɓa ganin ya tsallaka. An samu a dashen gaɓa, inda aka ɗauko ƙoda ko hanta daga mai daji ba a sani ba, aka sa wa wanda aka danne garkuwarsa da gangan. Shi ya sa ake tantance masu bayarwa, kuma abin ba kasafai yake faruwa ba. An samu daga uwa zuwa ɗan tayi, shi ma nadiran. A 1996 an ba da rahoton wani likitan tiyata a Jamus da ya ji rauni a hannu yana cikin cire wa wani ƙari, bayan watanni irin ƙarin ya fito masa a wurin, aka yanke shi ya warke. A dabbobi akwai wanda karnuka ke ba juna wajen barbara, da wanda ke cin fuskar wata dabba a tsibirin Tasmaniya ta hanyar cizo. Babu ko ɗaya daga ciki da ya shafi kwano da kofi.

Sai dai akwai wani wuri da maganar take da sarƙaƙiya, kuma a nan ne mai fassara zai fi bukatar nutsuwa. Ba a ɗaukar daji, amma ana ɗaukar wasu ƙwayoyin cuta da in sun daɗe a jiki suke share masa hanya. An ƙiyasta cewa a 2018 kimanin kashi 13 cikin 100 na sababbin masu daji a duniya irin waɗannan ƙwayoyi ne sanadinsu, kuma kason ya fi haka a Afirka kudu da Sahara. Kusan duk dajin bakin mahaifa bairos ɗin da ake kira HPV ne ke jawo shi, wanda ake samu ta saduwa. Bajamushen da ya gano haka, Harald zur Hausen, ya samu kyautar Nobel a 2008. Ciwon hanta nau'in B da C, da ake samu ta jini, ko askar wanzami da ba a tsabtace ba, ko daga uwa lokacin haihuwa, yana iya kaiwa ga dajin hanta, musamman in ya haɗu da gubar fumfunar da ke fitowa a gyaɗa da masarar da aka adana da danshi. Tsargiya, wadda yara ke kwasowa a kududdufi har a wasu ƙauyuka ake ɗaukar fitsarin jini alamar balaga, tana iya zama dajin mafitsara bayan shekaru. A Yuganda kuma, a 1958, likita Denis Burkitt ya bayyana wani daji da ke kumbura muƙamuƙin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma daga naman irin wannan ƙari ne aka gano bairos ɗin Epstein-Barr a 1964. Yawancin manya a duniya suna ɗauke da shi, amma 'yan kaɗan ƙwarai ne yake zame wa daji. Haka HPV ma, mafi yawan waɗanda suka same shi jikinsu ne ke kawar da shi ba su ma sani ba.

Ni a ganina wannan ne ɓangaren da ya kamata tsoronmu ya koma, domin shi ne wanda tsoro ke da amfani a cikinsa. Allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tana cikin alluran jarirai a Nijeriya tun 2004, kuma ta farko a ranar haihuwa ake so a yi ta. Ta HPV an shigo da ita cikin rigakafin gwamnati a watan Oktoba na 2023, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Abin takaici, na ga gidajen da suka guji kwanon Gwaggo, wanda ba ya ɗauke da komai, sun kuma ɓoye 'ya'yansu ranar da masu allurar nan suka zo.

Akwai masu cewa, to ai mun ga gidan da uwa ta yi, 'ya ta yi, ƙanwar uwa ma ta yi. Haka ne, amma gado daban, ɗauka daban. Kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na daji yana da nasaba da tangarɗar da aka gada daga iyaye, kuma ita ma ba ciwon ake gada ba, saurin kamuwa da shi ne. Irin wannan gida bukatarsu yawan zuwa gwaji tun da wuri. Sannan mutanen gida ɗaya hayaƙi ɗaya suke shaƙa, rumbu ɗaya suke ci. Ciwon kuma ba ƙarami ba ne a ƙasar nan: ƙiyasin hukumar binciken daji ta duniya na 2022 ya nuna sababbin masu shi kusan 128,000 a Nijeriya, waɗanda suka mutu kusan 80,000, kuma na mama ne a kan gaba. Abin da ya yi yawa haka ba abin mamaki ba ne ya faɗo sau biyu a zuri'a ɗaya.

Maganar daji ba ya son ƙarfe ma, da na duba, na ga inda ta samo ƙarfinta. Mutane sun ga an kai mace asibiti, an yi mata aiki, bayan wata shida ta rasu, sai suka ce wuƙa ce ta tayar da shi. Abin da ba su gani ba shi ne an kai ta ne bayan ƙwayoyin sun riga sun yi ƙaura, wuƙar ta cire uwar, 'ya'yan suna can a huhu ko ƙashi. Tsoron ƙarfe ya jawo jinkiri, jinkirin ya jawo mutuwa, mutuwar kuma ta ƙara wa tsoron ƙarfe gindin zama. Dajin mama da aka kama tun yana wurinsa, bai wuce mama ba, mafi yawan masu shi suna rayuwa shekaru masu yawa bayan magani.

Abu na ƙarshe da ma'aikatan jinya suka nanata mana ya juya lissafin gidanmu gaba ɗaya. Maganin kemo da ake ƙara wa mai daji ta jijiya yana kashe ƙwayoyin da ke saurin hayayyafa, ciki har da fararen ƙwayoyin jini masu tsaron jiki. A kwanakin da suka biyo bayan kowane ƙari, musamman daga kwana 7 zuwa 14, mara lafiya ba ta da garkuwar kirki, murar da za ta yi wa mai lafiya kwana uku ita tana iya kwantar da ita a asibiti. Don haka suka ce mai tari ko zazzaɓi ya dakata da zuwa dubiya, mai shiga ya wanke hannu, abincinta ya dahu sosai, ruwanta a tafasa, in kuma jikinta ya yi zafi a kawo ta a daren, kar a jira gari ya waye. Safar hannu sun ce a sa ta ne wajen kwashe amai ko fitsari a kwana biyun farko bayan ƙarin, saboda ragowar maganin da ke fita, ba saboda ciwon ba.